Zaɓen cike gurbi: Wa ke raba tikiti, kuma me ya sa hasashen jama'a ke yawan faɗuwa ƙasa?

Tun da hukumar zaɓe ta INEC ta sanya Asabar, 16 ga Agusta 2025, a matsayin ranar zaɓen cike gurbi a mazaɓu 16 na jihohi 12, hira ɗaya aka riƙa yi kafin zaɓen a teburin mai shayi da majalisun unguwa daga Ɓaɓura har Ƙauran Namoda. Abin lura shi ne yadda ake furta tambayar. Ba ka cika jin an ce "wa zai ci?" ba. Abin da za ka ji shi ne "wa za a ba?" Mutane sun san cewa kafin a je akwati akwai wata ƙofa da sai an buɗe wa mutum, kuma ba talaka ne ke riƙe da makullinta ba. To wa ke riƙe da shi? Kuma waɗannan sunaye da aka yi ta yayatawa a rediyo da Facebook, nawa ne a cikinsu labari, nawa ne talla?

Cike gurbi daban, maimaici daban

Ruɗanin farko a nan yake. Zaɓen cike gurbi shi ne wanda ake yi idan kujera ta zama babu kowa a kanta a tsakiyar wa'adi, ko dai mai ita ya rasu, ko ya ajiye don ya samu wani muƙami, ko an yi masa kiranye. Sabon zaɓe ne tun daga tushe: jam'iyyu za su sayar da fom, su tantance, su yi fid da gwani, su miƙa suna.

Zaɓen da kotu ta ce a maimaita kuwa ba haka yake ba. A nan 'yan takarar da suka fafata tun farko su ne za su sake karawa, galibi a wasu rumfuna ƙalilan da aka soke sakamakonsu. Misali yana nan a Kano. A rana ɗaya aka sa zaɓen Ɓagwai/Shanono da na Ghari/Tsanyawa, amma na farko cike gurbi ne saboda rasuwar Halilu Ibrahim Kundila a watan Afrilun 2024, na biyu kuma ragowar rigimar zaɓen 2023 ce da kotu ta ce a ƙarasa. Don haka duk wanda ya ce maka ana neman sabon ɗan takara a Tsanyawa, bai fahimci zancen ba.

Kujerun majalisar tarayya da ke cikin wannan zagaye bakwai ne. Biyu na dattawa: Anambra ta Kudu, wadda Ifeanyi Ubah ya rasu ya bari a Yulin 2024, da Edo ta Tsakiya, wadda Monday Okpebholo ya bari da ya zama gwamna. Biyar na wakilai, a cikinsu akwai Ɓaɓura/Garki ta Jigawa, inda Isa Dogonyaro ya rasu a Mayun 2024, da Chikun/Kajuru ta Kaduna, inda Ekene Adams na jam'iyyar LP ya rasu a Yulin shekarar. Sauran tara na majalisun jihohi ne, ciki har da Zariya Kewaye da Basawa da Ganye da Ƙarim Lamiɗo da Ƙauran Namoda ta Kudu.

Ka lissafa watannin. Sashe na 76 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a cike gurbin majalisar tarayya cikin wata guda, amma mutanen Ɓaɓura da Garki sun cika wata 15 babu mai magana da yawunsu a Abuja. Shugaban INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya sha kokawa cewa irin waɗannan zaɓuka ba a san ranar zuwansu ba, ba a kuma yi musu kasafi ba. Uzuri ne mai ma'ana ta fuskar kuɗi. Ta fuskar siyasa kuwa, wannan jinkiri shi ne takin da jita-jita ke tsirowa a kai, domin mai son kujera ya samu fiye da shekara yana kewaye-kewaye ba tare da an buga gangar fara wasa ba.

Abin da doka ta shimfiɗa

A Najeriya babu ɗan takara mai zaman kansa. Sashe na 65 ya wajabta wa mai neman majalisa ya zama ɗan jam'iyya, kuma jam'iyyar ce za ta tsayar da shi. Wannan ne ya mayar da tikiti kadara.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi wannan zaɓe a ƙarƙashinta, a sashe na 84, ta ba jam'iyyu hanya uku. Akwai 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya zai fito ya zaɓa. Akwai ta daliget, inda wakilai ƙalilan daga kowace gunduma za su taru su zaɓa a madadin sauran. Sai masalaha, wato a daidaita a fitar da mutum ɗaya.

Masalaha ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Mutane na ɗauka cewa idan gwamna ya tara masu ruwa da tsaki a gidan gwamnati ya ɗaga hannun wani, an gama. A doka ba a gama ba. Sai kowane mai neman takarar da aka tantance ya rubuta da hannunsa cewa ya janye kuma ya amince da wanda aka fitar. A dokar ta 2022, mutum ɗaya ya ƙi sa hannu, dole a koma 'yar tinƙe ko daliget. Shi ya sa ainihin aikin yake faruwa kafin nan, a wajen sayar da fom da tantancewa. Idan ba a so ka zama ƙarfen ƙafa, ba sai an roƙe ka ka janye ba. Sai kawai fom ya "ƙare", ko kwamitin tantancewa ya gano cewa harafi ɗaya a sunanka na takardar firamare bai yi daidai da na sakandare ba.

Akwai kuma sharaɗin da ke rage yawan masu sha'awa. Mai riƙe da muƙamin siyasa, kwamishina ne ko mai ba da shawara, ba zai shiga fid da gwani ba sai ya ajiye muƙaminsa. Ma'aikacin gwamnati kuma sai ya bar aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Saboda haka idan ka ji ana ta kiran sunan wani kwamishina, duba ka gani ko ya ajiye aiki. Wanda bai ajiye ba, ko dai ba da gaske yake ba, ko kuma bai samu tabbaci daga sama ba. Ba wanda zai saki reshe ya kama ganye.

Jadawalin zaɓen na 2025 ma a matse ya zo. Fid da gwani daga 17 zuwa 21 ga Yuli, miƙa sunaye ta intanet daga 22 zuwa 26 ga wata, yaƙin neman zaɓe kuma bai kai mako biyu cikakku ba a watan Agusta. Kwana biyar na fid da gwani ba sa isa a shirya sahihiyar 'yar tinƙe a jam'iyyun da rajistar 'ya'yansu ma ake gardama a kanta. Ƙarancin lokaci kullum mai iko yake yi wa aiki.

Daliget: mutum ɗari da ke yanke wa dubbai hukunci

A nan ya kamata a ɗan tsaya. Lokacin da aka rubuta dokar 2022 an bar gurbi: ba a sa daliget na dindindin ba, wato shugabannin jam'iyya da zaɓaɓɓu da tsofaffin masu muƙami waɗanda a da suke zaɓe saboda matsayinsu. Majalisa ta yi gyara a gurguje a watan Mayun 2022, Shugaba Muhammadu Buhari bai sa hannu ba. Aka wayi gari daliget ɗin da aka zaɓa musamman don fid da gwani ne kaɗai ke da ƙuri'a. A zaɓukan 2022, APC ta yi amfani da mutum biyar daga kowace gunduma, PDP kuma uku. Mazaɓa mai gunduma 20 ke nan mutum 100 ne a wannan, 60 a waccan.

A takarda, 'yan jam'iyya ne ke taruwa a gunduma su zaɓi waɗannan mutane. A aikace, sau da yawa sunaye ake rubutawa a falon wani babba.

Na taɓa kwana a harabar wani masauki a wani babban birnin jiha daren jajibirin fid da gwani. Tun la'asar motocin bas suka sauke daliget, aka karɓe wayoyinsu aka zuba a cikin wata jakar leda mai ɗauke da sunan kowa a manne, aka rufe ƙofa. Wani dattijo daga ƙauye, da hularsa a hannu, ya roƙi mai gadi ya ara masa waya ya gaya wa iyalinsa ba zai dawo ba sai gobe. Mai gadin ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, an hana." Da wajen ƙarfe biyun dare wata mota mai baƙin gilashi ta shigo, aka yi ta kiran mutane gunduma-gunduma zuwa wani ɗaki a sama. Ɗan takarar da hotunansa suka cika garin, wanda kowa ke cewa shi ne, yana waje a bakin titi cikin motarsa yana ta buga lambobin da ba sa shiga. Da gari ya waye ƙuri'unsa ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Tun daga ranar na daina auna ɗan takara da yawan fastoci.

Abubuwan da ake aunawa a ɗakin da ba a shiga

Na farko shi ne wanda jam'iyya ke hannunsa a jihar. Inda jam'iyya ke da gwamna, maganarsa ce ke da nauyi, sai dai idan akwai wani babba a Abuja da mazaɓar take gidansa. Ɓaɓura ita ce mahaifar Ministan Tsaro na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya yi gwamnan Jigawa shekara takwas kafin Umar Namadi. Duk wanda APC ta fitar a can, masu sharhi za su karanta shi a matsayin ma'aunin wanda maganarsa ta fi tasiri tsakanin manyan biyu, ko da su kansu ba su nufi haka ba. Ɓagwai da Shanono suna cikin Kano ta Arewa, mazaɓar Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Barau Jibrin, alhali a 2025 gwamnatin jiha tana hannun NNPP ta Abba Kabir Yusuf da Rabi'u Musa Kwankwaso. A Zamfara gwamna Dauda Lawal a lokacin ɗan PDP ne, amma kujerar Ƙauran Namoda ta Kudu a hannun APC take kafin rasuwar mai ita. Kujerar majalisar jiha ce ƙarama, amma manya ne ke kokawa ta hannun yara.

Na biyu shi ne karɓa-karɓa, kuma shi ne abin da mai hasashe daga nesa ya fi mantawa. Babu shi a doka, amma a mazaɓar da ta haɗa ƙananan hukumomi biyu yana da ƙarfin doka. Hujjoji biyu ne kullum ke karo. Mutanen ƙaramar hukumar mamacin za su ce, "Wa'adinmu ne bai ƙare ba, a bar mu mu ƙarasa." 'Yan ɗaya ɓangaren za su ce, "Allah ne ya kawo canji, mu ma a taɓa da mu." A wuri irin Chikun/Kajuru lissafin ya wuce na ƙaramar hukuma, ya shiga na ƙabila da addini da 'yan gari da mazauna, kuma jam'iyyar da ta yi kuskuren wannan lissafi tana iya faɗuwa tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

Na uku shi ne gidan mamaci. Tun a zaman makoki ake farawa. Kafin addu'ar bakwai za ka ji ana raɗa cewa a ba ɗansa ko ƙanensa "don a share wa iyali hawaye". Wani lokaci tausayi kan ci zaɓe da gaske. Da Sanata Isiaka Adeleke na Osun ta Yamma ya rasu a Afrilun 2017, ƙanensa Ademola ya nemi tikitin APC. Da ya ga an karkata ga wani, ya tsallaka PDP ana saura 'yan makonni, ya ci zaɓen a watan Yuli. Mutumin da aka raina a lokacin shi ne ya zama gwamnan Osun a 2022. Amma jini ba ya tabbatar da komai. A Katsina ta Arewa, bayan rasuwar Sanata Mustapha Bukar a 2018, 'yan gida ɗaya ne suka kara, Ahmad Babba Kaita a APC da ɗan'uwansa Kabir a PDP, kuma jam'iyya mai mulki ce ta ɗauka.

Kuɗi kuwa ba sai an faɗa ba. Sai dai a zaɓen cike gurbi akwai wani lissafi na daban. Wannan majalisa an rantsar da ita a Yunin 2023, za ta tashi a Yunin 2027. Wanda ya ci a Agustan 2025 bai da ko shekara biyu, kuma 2026 ce shekarar sake fid da gwani na babban zaɓe. Mai hankali ba albashin wata 22 yake saye ba. Yana sayen damar shiga fid da gwanin 2026 a matsayin mai ci. Wannan ne ma ya sa wasu iyayen gida suka fi son mutum mai sanyi, wanda zai ɗumama kujera ya tashi ba gardama idan lokacin wanda ake tanadar wa ya zo. Idan ka ga an tsallake fitattu an ɗauko wanda ba a san shi ba, sau da yawa dalilin ke nan.

Jita-jitar kanta makami ce

Kada a ɗauka duk sunan da ya fito a bakin sojojin baka daga majiya ya fito. Wani shi ya biya a ambace shi, don a san yana nan, ko da a ƙarshe a ce ya janye a saka masa da kujerar mai ba da shawara. Wani kuma maƙiyansa ne suka fitar da sunansa da wuri don a taru a kansa a ƙona shi kafin lokaci. Akwai kuma gwajin ruwa: babba ya saki suna ta bakin yaransa, ya zauna ya ji yadda gari zai ɗauka, in an yi ca ya ce shi bai taɓa faɗa ba. Ƙungiyoyin "matasa masu kishin mazaɓa" da ke kiran taron manema labarai suna roƙon wane ya fito, galibi wanen ne ya biya kuɗin zauren.

A 2025 an samu ƙarin tambaya: wa zai sa hannu?

INEC ba ta karɓar suna daga reshen jiha. Uwar jam'iyya ta ƙasa ce ke miƙawa, da sa hannun shugaba da sakatare, ta wata kafar intanet da hukumar ke ba da lambar shigarta ga shugabancin da ta sani. A shekarar da jam'iyyu ke zaune lafiya wannan ba labari ba ne. A 2025 kuwa kusan kowace tana da ciwo a nan. LP ta rabe tsakanin ɓangaren Julius Abure da kwamitin riƙo na Nenadi Usman, kowa na fassara hukuncin Kotun Ƙoli na Afrilun 2025 yadda ya yi masa daɗi, ga shi kuma ita ce ta ci kujerar Chikun/Kajuru a 2023. PDP ta shafe watanni tana jan-in-ja kan kujerar sakatare kafin a bar wa Samuel Anyanwu. NNPP na da masu jayayya da ɓangaren Kwankwasiyya kan shugabanci. APC kanta muƙaddashi ne ya riƙe ta bayan da Abdullahi Ganduje ya ajiye a ƙarshen Yunin 2025. Ga kuma ADC, wadda haɗakar 'yan adawa ta runguma a farkon Yulin 2025 ƙarƙashin David Mark, wadda ta zama sabuwar rumfar da duk wanda aka hana tikiti zai iya fakewa, idan har ya yi sauri kafin 21 ga Yuli.

Mutum na iya cin fid da gwani a filin ƙwallon garinsu, a ɗaga hannunsa, a yi ta guɗa, amma sunansa bai shiga kwamfutar hukuma ba saboda ɓangaren da ya shirya zaɓen ba shi ke da lambar ba.

Kotu, mai raba gardama ta ƙarshe

Wanda ya shiga fid da gwani aka zalunce shi yana da kwana 14 ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya. Kotun na da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60 a kowane mataki. Ka haɗa, za ka ga shari'a na iya cinye kusan rabin ɗan wa'adin da ya rage.

Ba tatsuniya ba ce. A zaɓen cike gurbi na 5 ga Disamba 2020 a Imo ta Arewa, INEC ta ce APC ce ta ci amma ba ta ambaci sunan kowa ba, saboda Ifeanyi Araraume da Frank Ibezim kowa na riƙe da takardar kotu. Sai a Afrilun 2021 aka rantsar da Ibezim. A rana guda a Kuros Riba ta Arewa, PDP ta ci, aka rantsar da Stephen Odey, bayan watanni kotu ta ce Jarigbe Agom Jarigbe ne halastaccen ɗan takara. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a tuna musu 24 ga Mayun 2019, ranar da Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin fid da gwani ba, ta rasa gwamna da sanatoci da 'yan majalisa a zama ɗaya. Yobe ta Arewa kuma ta nuna ɗaya fuskar: Bashir Machina ya ci fid da gwani a 2022, ya yi nasara a kotuna biyu, amma a Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai uku kan biyu, ta bar wa Ahmad Lawan tikitin bisa hujjar cewa hanyar da aka bi aka shigar da ƙarar ba daidai ba ce.

Ina ruwan talaka?

Ruwansa ya fi yadda yake zato. Mazaɓar da ba ta da ɗan majalisa ba ta da mai cusa mata ayyukan mazaɓu a kasafin kuɗi, ba ta da mai tashi ya yi magana ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauye ko ambaliya ta cinye gonaki. A Shanono da Kajuru da Ƙauran Namoda wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Sannan idan aka yi ɗauki-ɗora, abin da ke biyo baya sananne ne: waɗanda aka ɓata wa rai ba sa fita daga jam'iyya, suna zama a ciki su yi zagon ƙasa, jama'a kuma su ƙi fitowa. Zaɓen cike gurbi dama ba ya tara mutane, ga shi wannan ya faɗo tsakiyar damina, lokacin da manomi ke ganin wuni guda a gona ya fi masa layin zaɓe. Idan masu fitowa suka yi kaɗan, ƙuri'a kan yi tsada a kasuwar masu saye, jami'an tsaro da 'yan jagaliyar jiha guda kuma duk a tattare su a ƙananan hukumomi biyu.

Ga mai son ya bi lamarin da idon basira, alamun da ba sa ƙarya kaɗan ne: wa ya ajiye muƙami, wa ya sayi fom da gaske, wace hanya jam'iyya ta sanar wa INEC za ta bi, su wa aka turo daga Abuja su gudanar da zaɓen, kuma jami'an hukumar sun halarci wane taro idan an yi biyu. Fastocin da ke manne a gadar gari da turakun lantarki sun ci gaba da ƙaruwa har 21 ga Yulin 2025. Sunayen da za su hau takardar ƙuri'a kuwa sai da aka rufe kafar hukumar ranar 26 ga watan aka san su, kuma ko a nan, lauyoyin waɗanda aka kayar suna da sauran kwanakinsu na zuwa kotu.